Allura ko Kyamara: Ta Ina Mai Sha'awar Ƙwari Zai Fara?

Wani ɗan yayata da ke karatun aikin gona ya zo mini hutu a ƙarshen daminar bara, ya tarar da ni tsugune a gindin tumfafiyar bayan gida ina leƙen ƙarƙashin ganye. Na nuna masa tsutsar nan mai zanen fari da baƙi da ɗigon rawaya, na ce masa nan da mako biyu ko ƙasa da haka ita ce za ta zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da ke yawo a unguwa. Shi ke nan sha'awar abin ta kama shi. Bayan kwana uku sai ga shi da tambaya: "Kawu, 'yan kuɗin da ke hannuna ba su taka kara sun karya ba. In haɗa raga da allura da akwati irin naka ne, ko in sayi ɗan gilashin nan da ake maƙala wa waya in riƙa ɗaukar hoto?"

Na daɗe ban ba shi amsa ba, domin hanyoyin biyu duk na bi su, kuma kowacce na sha daɗinta na sha wuyarta. Amsar da na ba shi a ƙarshe ita ce ya fara da hoto, ya yi shekara guda cur yana yi, ya ga damina da kaka da hunturu da bazara, sannan ya waiwayi allura. Amma wannan amsa tana da amma, kuma ba kowa za ta dace da shi ba.

Bari in fara da akwati, tunda shi ne ke fara ɗaukar ido. Duk wanda ya taɓa ganin akwati mai murfin gilashi, an jera malam-buɗe-littafi sahu-sahu fukafukai a shimfiɗe, kowanne da 'yar takardarsa a ƙasa, ya san abin yana da kwarjini. Abin da ba a gani shi ne aikin da ke bayansa.

Raga ita ce mafi sauƙi. Sandar mofa, da waya mai kauri da za a lanƙwasa ta zama zobe, da yadin net mai laushi da tela zai ɗinka maka kamar doguwar hula, sun isa. Zurfin jakar ya ninka faɗin bakin zoben, don in ka kai sura ka juya hannu jakar ta rufe kanta. Kada ka yi amfani da gidan sauron da ake rabawa, domin da magani a jikinsa. In ka kama, sai batun kashewa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ja da baya. Malam-buɗe-littafi matse masa ƙirji ake yi da yatsa biyu ta cikin ragar, fukafukai a haɗe, cikin daƙiƙa ya yi shiru. Buzuzu da sauran masu taurin jiki da manyan 'yan uwan malam-buɗe-littafi masu tashin dare, kwalba ake sa su da auduga da aka ɗiga wa sinadarin ethyl acetate, wanda ake samu a wasu ruwan goge jan farce, ko kuma a sa su a ɓangaren ƙanƙara na firiji su kwana. A da mutane sukan yi amfani da guba mai suna sayanayid, an daɗe da barin wannan. Kuma don Allah kada wani ya ce zai yi dabara da fiya-fiya ko ƙwayar nan da ake jefa wa wake a buhu. Waɗannan mutum suke kashewa, ba ƙwaro kaɗai ba.

Sai allura, wadda ita ce matsalar farko ta gaske a ƙasarmu. Allurar ƙwari daban take: doguwa ce, kusan santimita huɗu, siririya, ba ta tsatsa, kuma tana da lamba daga 000 har zuwa 7, waɗanda aka fi amfani da su su ne 2 da 3. Ba za ka same ta a kantin unguwa ba, sai dai a wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ko ka yi odarta ta intanet. Na fara da fil ɗin tela mai kai, na kuwa yi da-na-sani. Gajere ne, mai kauri, yana farfasa ƙananan ƙwari, kuma damina ɗaya ta isa ta sa ya yi tsatsa ya ɓata jikin abin da ka soke. Inda ake sokewa ma da ƙa'ida. Malam-buɗe-littafi a tsakiyar ƙirji, dangin buzuzu kuwa a kan murfin fiffikensu na dama, kusa da kafaɗa, don ɓangaren hagu ya zauna lafiya ga mai nazari.

Shanya fukafukai shi ne inda haƙurin mutum ke bayyana. Ana samun allo mai ɗan kwari a tsakiya, ko a yanka farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, a sa gangar jikin a kwarin, a ja fiffiken gaba sama a hankali har gefensa na baya ya miƙe sak ya gitta jiki, a danne da siririyar takarda mai santsi, a kafe takardar da fil. Launin da kake gani a fiffike ba fenti ba ne, wasu ƙananan ɓawo ne jere kamar kwanon rufi, su ne garin nan da ke manne wa yatsa. Ka taɓa da gaggawa, ka goge zanen da za a gane shi da shi. Goman farko da za ka shanya, tara za su fito a karkace. A lokacin hunturu 'yan kwanaki sun isa su bushe, da damina kuwa sai mako biyu ko fiye.

Duk wannan ana koya. Abin da ba ya koyuwa ya ƙare shi ne tsaro, domin daga ranar da ka rufe akwati ka shiga yaƙi da maƙiya uku. Na farko kiyashi. Wata shekara na shanya malam-buɗe-littafi goma sha ɗaya da na kamo a fadama, ciki har da wani babba mai ƙarfin fiffike na dangin Charaxes wanda na yi kwana uku ina yi masa tarko da ruɓaɓɓiyar ayaba. Na ɗora allon a kan durowa na tafi ɗaurin aure Gusau na kwana biyu. Da na dawo, allurai na nan tsaye a sahu, fukafukai a zube ƙarƙashin takardu, gangar jiki kuwa ko ɗaya babu, sai layin kiyashi daga ƙafar durowa zuwa tsagar bango. Ɗan hakin da ka raina. Tun daga ranar ƙafafun teburina cikin gwangwanayen ruwa suke, ko in shafe su da man giris. Maƙiyi na biyu shi ne funfuna. A watan Agusta, lokacin da gishiri ke narkewa a kwano kuma ashana ke ƙin kamawa, sai ka ga wani farin gashi ya lulluɓe maka buzuzu. Maganinsa akwatin da ba ya shan iska da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, a riƙa gasa su a rana ana mayarwa. Na uku wasu ƙananan ƙwari ne masu cin busasshen nama da fata, 'yan uwan waɗanda ke lalata busasshen kifi da ƙirgi. Alamarsu ɗan gari a ƙarƙashin abin da ka soke. In ka gani, sai ka naɗe akwatin a leda ka sa a ƙanƙara ya yi kamar mako guda, kuma kowa ya san samun wutar da za ta riƙe ƙanƙara mako guda ba abin da za a yi alkawari ba ne.

Yawancin masu tarawa kafur suke kafewa a kusurwar akwati. Yana taimakawa, amma ka sani tururinsa yana da illa ga jarirai, yana iya farfasa musu jini ya jawo shawara, musamman yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a yankinmu. Mai ɗaki ɗaya da jariri a ciki, akwatin ƙwari ba nasa ba ne yanzu. Wannan kaɗai ya isa ya yanke wa wasu shawara.

To, hoto fa? Kayan aikinsa na aljihunka. Wayar da kake da ita za ta ɗauki duk abin da ya kai girman ɗan yatsa, ɗan gilashin da ake maƙalawa kuma zai kai ka ga ƙanana. Ba kiyashi, ba funfuna, ba warin kafur, ba uwargida na tambayar me ya kawo matattun ƙwari kusa da naman miya a firiji. A safiya guda kana iya ɗaukar nau'i ashirin, alhali da allura biyar ma sun cinye maka yini.

Sai dai shi ma da fasaharsa. Da sassafe ake fita, kafin rana ta ɗumama su, musamman da sanyin hunturu lokacin da za ka same su maƙale a ciyawa ba sa iya tashi. Da rana kuwa ka nemi inda ƙasa ke da laima: bakin rijiyar burtsatse, mashayar shanu, inda aka zubar da ruwan wanki. Farare da rawaya kan taru a wurin da yawa suna tsotsar gishirin ƙasa, kuma in sun duƙufa sai ka matso har taku ɗaya. Kada inuwarka ta faɗa kansu. Ka ɗauki saman fiffike, ka jira ya rufe littafin ka ɗauki ƙasan, domin sau da yawa a ƙasan ne bambancin yake. Ka ɗauki shukar da ya sauka a kai. In abin ya zauna shiru, ajiye tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa.

Kuma ilimin itatuwa da ka taso da shi jari ne wanda baƙo ba shi da shi. Wanda ya san tumfafiya ya san inda zai sami mai ruwan goron nan, Danaus chrysippus. Wanda ya san tafasa da rai-ɗore zai sami fari-farin nan mai saurin tashi, Catopsilia florella, domin a kansu tsutsarsa ke kiwo. A gindin lemun tsami za ka haɗu da babban baƙi mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus, wanda ƙaramar tsutsarsa ke kama da kashin tsuntsu a kan ganye. Anza kuwa ita ke ciyar da Belenois aurota, fari mai jijiyoyi baƙi-baƙi wanda wani lokaci ke ratsa gari da yawa duk sun fuskanci gefe guda.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya a 'yan shekarun nan shi ne manhajar iNaturalist. Wasu ɗalibai ne suka fara ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka a 2008, yanzu kuma duniya ke amfani da ita, kyauta. Ka ɗora hoto da wuri da rana, kwamfuta ta ba ka hasashen sunan, sannan mutane, wasu masana ne na gaske, su tabbatar ko su gyara. In akasarin masu dubawa suka yarda da suna ɗaya, bayanin yakan wuce zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya inda masu bincike ke ɗiba. Ka buɗe taswirar manhajar ka kwatanta Turai da arewacin Najeriya da kudancin Nijar, za ka ga namu yankin kusan fayau yake. Wato hoton da ka ɗauka a Kazaure ko Tasawa yana iya zama shi ne na farko na wannan nau'in daga wannan ƙaramar hukumar. Gargaɗi biyu kawai. Hasashen kwamfutar daga hotunan da aka riga aka ɗora take koyonsa, don haka kan ƙwarinmu takan yi kuskure, ta ba ka sunan wani na Indiya ko Amurka. In ba ka da tabbas, tsaya a sunan dangi ka bar masana su ƙarasa. Na biyu, abin da ka ɗauka a tsakar gidanka ka zaɓi a ɓoye ainihin wurin, manhajar na da wannan zaɓi.

Idan haka ne, me ya rage wa allura? Da yawa, kuma ba na son masu hoto su raina ta.

Ƙwarin da aka raɗa wa suna a duniya sun kai kimanin miliyan guda. Dangin malam-buɗe-littafi kaɗai sun kai nau'i wajen 160,000, kuma masu yawon rana da muka saba gani ba su cika 20,000 ba a ciki. Sauran kuwa akasarinsu masu tashin dare ne, waɗanda ke dafifi a fitila, 'yan uwan asun da ke cin tufafi a adaka. Na rana ƙahonninsu biyu siraran nan suna da ɗan kulki a ƙarshe, na dare kuwa nasu kamar zare ne ko kamar gashin tsuntsu. Na rana an yi musu hidima sosai: littafin Torben Larsen na 2005 kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma ya tattara nau'i kusan 1,500, akasarinsu na kurmin kudu ne, namu na saheli da sabana ba su kai yawan da zai gagari mai naci ba. Yawancinsu hoto mai kyau ya isa a gane su. Na dare labarinsu daban ne. Dubbai ne masu ruwan ƙasa da toka-toka, sun yi kama kamar an tsaga kara, kuma sau da yawa ba a raba nau'i biyu sai an feɗe ƙarshen cikin namiji an duba surar al'aurarsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ko an gwada ƙwayar halittarsa. Ba a feɗe hoto.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne, ya taɓa tukunyar kowa. A 2016 tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta share gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwar wannan tsutsa ɗan mitsitsin abu ne mai launin toka, bai kai santimita ɗaya ba. A farkon wannan shekarar kuma aka fara ganin tsutsar masara ta Amurka, Spodoptera frugiperda, a kudu maso yammacin Najeriya, karon farko a nahiyar Afirka. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ba da hoto suka tabbatar ba, sai da suka duba jikin ƙwarin suka gwada ƙwayar halitta. Bayan an tabbatar ne aka koya wa malaman gona alamun da ido ke iya gani, wato zanen harafin Y a kife a goshin tsutsar da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Allura ta fara, hoto ya ɗora.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Vanessa cardui, wani mai ruwan lemo da baƙi wanda ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da yankinmu. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci wasu daga cikinsu a bakin teku a Gayanar Faransa, can Kudancin Amurka, fukafukai duk sun yage, a wurin da ba a san su da zama ba. Ya kama wasu ya adana. Da aka bincika garin furen da ke manne a jikinsu, sai aka sami na sabara da na kurna. Sabarar nan dai da ake yi wa mai jego wanka da ita, da kurnar da yara ke jifa. Wannan, tare da wasu gwaje-gwajen, shi ya nuna cewa daga Afirka ta Yamma suka taso suka ƙetare tekun Atilantika, tafiyar aƙalla kilomita 4,200, kuma an wallafa binciken a 2024. Da hoto kawai ya ɗauka ya wuce, da iyakar abin da za a ce shi ne an ga baƙo a bakin teku.

Akwai kuma abin da akwati ke koya wa ido wanda allon waya ba ya koyarwa. Macen Hypolimnas misippus tana kwaikwayon mai ruwan goron tumfafiya, wanda tsuntsaye ke gudu saboda ɗacin da ya kwaso daga ƙaron shukar, alhali ita ba ta da wannan guba, kuma mijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo, kai ka ce ba su haɗa komai ba. Sai ka jera su gefe da gefe kana juyawa kafin idonka ya kama bambancin, daga nan kuwa ko a sama suke za ka raba su. Haka Precis octavia, wanda 'ya'yan damina ja ne, na rani kuwa shuɗi mai duhu, har masanan farko suka ɗauka nau'i biyu ne. Duk da haka ba dole sai akwatinka ba. A Samaru ta Zariya, sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ɗakin ajiyar ƙwari wanda ɗalibai daga jami'o'i da yawa ke kai samfur don a tantance musu. Ziyara ɗaya can za ta nuna maka yadda ake aikin da kyau.

Abu ɗaya ya haɗa hanyoyin biyu, kuma shi ne wanda sababbin shiga suka fi sakaci da shi: wuri da kwanan wata. 'Yar takardar da ake sokewa ƙarƙashin ƙwaro tana ɗauke da ƙasa da gari da ainihin wurin, da rana da wata da shekara, da sunan wanda ya kama, a rubuce da fensir ko tawadar da ba ta gogewa. Sunan ƙwaron ma ba shi ne farko ba, ana iya gano shi bayan shekara hamsin. Amma in wuri da rana suka ɓace, ba mai dawo da su, abin ya zama kayan ado. A nan waya ta yi wa allura fintinkau, domin ita ke rubuta rana da wuri da kanta in ka kunna mata. Sai dai hoton da aka tura ta WhatsApp yakan zubar da wannan bayani a hanya, kuma wayar da ta faɗa ruwa ko aka fizge a kasuwa ta tafi da aikin shekara. Ka riƙa ɗorawa, ka kuma riƙe ɗan littafin rubutu.

Sai batun rai. Ɗan yayan nawa ya tambaye ni ko babu laifi a kashe abin da bai yi maka komai ba, na ce tambayar tana kan hanya. Akwai hadisin Ibn Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya hana kashe halittu huɗu, biyu daga cikinsu ƙwari ne, tururuwa da ƙudan zuma. Abin da ya shafi hukuncin sauran, malaminka za ka tambaya, ba ni ba. Ni dai ƙa'idata ita ce ba na soke abin da hoto zai wadatar, ba na ɗaukar fiye da biyu ko uku na nau'i guda, kuma ba na kashewa don ado. Gaskiya ne cewa abin da mai raga ke kamawa a shekara bai kai abin da feshi ɗaya a gonar wake ke kashewa ba, kuma sarar itatuwa da ƙona daji su ne ke ƙarar da ƙwari. Amma wannan ba lasisi ba ne. Ta fuskar doka kuma, gandun daji na ƙasa irin su Gashaka Gumti da Kainji ba a ɗaukar komai a cikinsu sai da izini a rubuce, kuma aika samfur ƙasar waje yana da nasa takardun. Mai hoto duk wannan bai shafe shi ba, in ban da kuɗin shiga da na kyamara inda ake karɓa.

Wani abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne idon jama'a. Baligi da raga a hannu yana bin malam-buɗe-littafi a bayan gari, yara za su bi shi, manya su yi ta ƙus-ƙus, wani ya ce taɓin hankali, wani ya ce haɗin asiri ne. Mai waya ya fi sajewa, ko da yake shi ma in ya cika ɗaukar hoto kusa da gidajen mutane ko shingen jami'an tsaro zai amsa tambayoyi. Da dare abin ya fi tsanani. Hanyar ganin masu tashin dare ita ce a rataye farin zanen gado a haska shi da fitila mai ƙarfi a daren da babu farin wata, bayan an yi ruwa, kuma hanya ce da mai allura da mai hoto duk suke bi. A halin da ake ciki yanzu kada ka kai wannan aiki daji. Yi shi a tsakar gida ko gonar da aka san ka, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana. Ka kuma kula da hangara, wadda ke zuwa fitila lokacin da gero ke fure: in ta sauka a wuyanka hure ta za ka yi, in ka murje ta fata za ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Daren da shinge suka fito kuwa, kashe fitilar kawai ka ba yara kwano.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wata siririya da na fi so yanzu. Ka ɗauki tsutsa da ganyen da ka same ta a kai, ka sa a roba mai faɗi, ka rufe da yadin net, ka riƙa sauya ganye kullum kana share kashin. Ka ɗauki hotonta a kowane mataki har ta daina ci, ta rataye ko ta shige ƙasa, ta fito da fukafukai a jiƙe. Sannan ka zaɓa, ka sake ta ko ka adana. Ta haka kake sanin wace tsutsa ce ke zama wane ƙwaro kuma me take ci, wanda a nau'o'in Afirka da yawa har yanzu ba a rubuta ba. Wani lokaci maimakon malam-buɗe-littafi sai ƙananan zanzaro su fito daga jikin tsutsar. Kada ka ji haushi, irin wannan ne reshen Maraɗi na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, ke kiwo yana saki a gonaki don yaƙar murzuna, tsutsar da ke yi wa zangarniyar gero zanen murɗe. Kakanninmu ma sun san wannan fanni: zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi daga gidan tsutsar wani mai tashin dare ne na dangin Anaphe. Masu gashi dai kada ka taɓa su da hannu. Ga kuma gawawwakin da ke zube kyauta a ƙarƙashin fitilun gidan mai da barandar masallaci bayan asuba, da gaban motar da ta yi tafiyar dare. Waɗanda suka bushe suka ƙage, ka sa su a roba mai jiƙaƙƙen yashi su kwana ɗaya ko biyu, za su yi laushin da za ka koyi shanya a kansu ba tare da ka kashe ko ɗaya ba.

Saboda haka ga yadda na raba wa yaron. Wanda ke haya, ko yake ɗakin kwanan ɗalibai, ko yake da ƙananan yara, ko abin da ke jan sa shi ne masu launi na rana, ya tsaya a hoto, ba abin da zai rasa sai kaɗan. Wanda karatunsa ko aikinsa ya shafi ƙwarin gona, ko ya ga zuciyarsa ta karkata ga ƙananan masu tashin dare da dangin buzuzu, to ba makawa wata rana zai riƙe allura, amma ya bari sai ya iya gane na kullum da ido, don kada ya cika akwati da abu guda sau talatin. Kuma kafin ya soke na farko ya san inda akwatin zai koma in ya gaji ko ya bar gari, sashen jami'a ko makarantar da za ta kula da shi.

Shi dai gilashin wayar ya saya. Da ragowar canjin ya sa kafinta ya yi masa ƙaramin akwati guda, ni kuma na ƙirga masa allura ashirin daga nawa. A watan jiya ya aiko mini da hoton akwatin: uwar tsutsar masara biyu da ya rena da kansa daga gonar makaranta, mace da namiji, fiffiken ɗaya ya ɗan karkace, kowacce da takardarta da fensir. Allura goma sha takwas na nan a cikin kwalbarsu, ya ce yana jiran gero ya fitar da kai.